Gonaki Ɗari da Huɗu na Baba Habila

Akwai wani mutum manomi, sunansa Habila, yana zaune da matarsa Keziya a wani ƙauye a gindin dutse. 'Ya'yansu duk sun girma sun bazu cikin garuruwa. Autarsu Afiniki malama ce a wata makarantar sakandare a birni, tafiyar yini guda a mota, ba ta zuwa gida sai lokacin hutu.

Wata safiya mutumin nan yana ɗaure akuya, sai igiyar ta zame daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, yatsunsa suka ƙi kamawa. Da aka kai shi asibiti, aka ce hawan jini ne ya taɓa masa ɓarin dama. Bayan 'yan makonni ƙafar ta dawo, maganarsa ma ta daidaita, amma hannun dama ya kwanta a kan cinyarsa kamar ba nasa ba.

Ran da za a sallame shi, likita ya ce masa, "Baba, hannun nan bai mutu ba. In kana motsa yatsun kowace rana, ƙarfi zai riƙa dawowa kaɗan kaɗan. In kuwa ka ƙyale shi, zai sandare, daga nan ba mu da abin da za mu yi masa." Ya ba shi wata 'yar ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Habila ya matsa ta kwana biyu, ya jefa ta ƙarƙashin gado, ya ce shi ba jariri ba ne.

Ba a daɗe ba dattawan ikilisiya suka zo gaishe shi. Keziya ta kawo tuwo, aka yi addu'a, aka wanke hannu. Habila ya miƙa hannun dama zai yanki loma kamar yadda ya saba tun yana yaro, sai hannun ya kauce ya bugi kwano, miyar ta kife a kan rigar babban dattijo. Kowa ya ce ba komai. Dattijon ma ya yi dariya, ya ce dama rigar ta isa wanki. Amma tun daga ranar Habila bai ƙara sa hannu a tuwo ba. Sai dai a kai masa ɗaki, ya saki labule, ya ci da cokali a hannun hagu shi kaɗai. Keziya kuwa, wadda tun da yara suka watse kwano ɗaya suke ci, ta koma cin nata a bakin murhu.

Da hutun Ista ya zo, Afiniki ta iso da tsohuwar kwamfutarta, irin wadda ake rufewa a sa a jaka, da ɗan faifan sola na yi mata caji. Ta ajiye a kan tebur gaban mahaifinta.

Ta ce, "Baba, gona na kawo maka."

Ya ce, "A cikin farantin nan?"

"A ciki. Ba ƙaya, ba kunama."

Ta kunna. Wasa ne na wani ɗan manomi ƙarami, tsawonsa bai wuce yatsa ba, yana tsaye a tsakiyar fili da fartanya a kafaɗa. Ta ɗauki hannun mahaifinta na dama ta ɗora a kan linzami, wato ɗan abin nan da ake turawa da tafin hannu ana dannawa da yatsa. In ya tura, ɗan manomin ya yi tafiya. In ya danna a daidai wurin, ɗan manomin ya kai sara.

Ta nuna masa kusurwar allon. "Ka ga ɗan mudun nan? Duk saran da ya faɗa daidai, ƙwaya ɗaya za ta shiga ciki. In ka kuskure ma ba a banza ba, kuskure uku ƙwaya ɗaya ne. In mudun ya cika, za ka ji ƙararrawa, ɗan manomin ya hau mataki ɗaya ke nan. Zai ƙara sauri, zai daɗe bai gaji ba. Sai a ba ka sabon mudu wanda ya fi na baya girma."

"Waɗannan sauran mudun fa?"

"Kowane aiki da nasa. Wannan na noma, wannan na ban ruwa, wannan na saran itace, wannan na kamun kifi. Ba a zuba na wani a cikin na wani. Wanda ka yi, shi ne zai ƙaru." Ta san inda za ta kama shi, sai ta ce, "In ya kai mataki na goma sha biyu a noma, ana ba shi shanun huɗa guda biyu."

Habila ya taɓa mallakar shanun huɗa a kwanakin ƙarfinsa, har yanzu yana tuna sunayensu. Ya gyara zama. Ranar ya yi wajen awa guda yana fama, gumi na tsattsafo masa a goshi, ya tayar da kunya uku. Da ya gama ya ce wa matarsa, "Keziya, ki zama shaida. Ran da ɗan mutumin nan ya sami shanu, ran nan zan sa hannuna a tuwo."

Ta ce, "To, Maigida, Allah ya sa ba daga bakin Tafkin Chadi shanun za su taso da ƙafa ba."

Washegari Afiniki za ta koma. Ta sami bayan wata tsohuwar kalanda, ta zana wa mahaifinta abin da zai yi da manyan baƙaƙe: ya buɗe murfi, ya danna maɓallin wuta, ya jira, sa'an nan ya danna akwatin rubutu na sama. Ta liƙa takardar a bango.

To, a farkon wasan akwatunan rubutu biyu ne suke fitowa, dukansu da Turanci, Habila kuwa Hausa kaɗai yake karantawa. Na sama yana cewa a fara sabuwar gona. Na ƙasa yana cewa a ci gaba daga inda aka tsaya. A ranar farko na ƙasan a dushe yake, don ba a yi komai ba tukuna, na sama ne kaɗai ake iya dannawa. Shi Afiniki ta danna, shi kuma ta rubuta. Direba yana ta yi mata oda a bakin hanya, ta rungumi uwarta ta fita da gudu, ba ta tuna ta ce daga gobe na ƙasa za a riƙa dannawa ba.

Habila mutum ne wanda in an nuna masa abu, ba ya ƙarawa, ba ya ragewa. Da ya sha koko, ya zauna, ya bi takardar daga sama har ƙasa. Sai ga ɗan manomin a tsakiyar fili, da fartanya a kafaɗa. Kunya ukun nan na jiya babu su. Mudu wayam. Ya ce a ransa ko ruwa aka yi a can ya share. Ya sake farawa.

Kashegari ma haka. Jibi ma haka.

Ya mai da abin ƙa'ida. Daga shan koko har inuwar mangwaro ta taɓa bakin rijiya, yana zaune yana tura linzami. Yakan yi huɗa, ya shuka masara, ya ɗebo ruwa ya zuba, ƙararrawa ta yi ƙara, ya rufe murfi. Gari na wayewa ya tarar da fili fetal, da ɗan manomi wanda bai san komai ba, mai sara biyar ya zauna yana haki.

In Afiniki ta kira a waya ta ce, "Baba, yaya gona?" sai ya ce, "Gona tana nan, Auta."

"Mataki na nawa yanzu?"

"Muna hawa muna sauka."

Ita kuwa sai ta yi dariya, ta ɗauka ba'a yake yi. Shi kuma kunya ta hana shi cewa ya kasa abin da yara suke yi.

Damina ta sauka. Mazan ikilisiya suka yi masa gayya a gonarsa ta gaske, yana jin muryoyinsu daga inda yake zaune. Wata rana Keziya ta leƙo ta ce, "Maigida, wannan ɗan naka na cikin faranti, ya taɓa kawo ko goyon masara ɗaya gida?"

Ya ce, "Yana shuka."

"Kullum shuka?"

"Kullum shuka."

Ta buɗe baki za ta ƙara, ta ga fuskarsa, ta koma wajen murhu.

Da watan Agusta ya kama, wata safiya Habila ya buɗe, ya ga filin nan kamar kullum. Ya daɗe yana dubansa. Sa'an nan ya rufe murfin, ya naɗe kwamfutar cikin tsohon zane, ya ce wa Keziya ta ɗora a kan akwatin kaya. Ya ce, "Ni da shi duk ɗaya ne. Abin da muka koya yau, kafin gobe ya zube. Shi ba ya riƙe komai, hannun nan ma ba ya riƙe komai. A bar wahalar da tsoho." Ya cusa hannun cikin aljihun riga, can ya bar shi.

Kwana tara ba a taɓa zanen ba. Keziya tana shafa masa man kaɗanya a yatsu, tana ji suna ƙara lanƙwashewa cikin tafin hannun, tana tuna maganar likita, tana sa shi a cikin addu'arta.

A rana ta goma Afiniki ta zo dogon hutu. Bayan an gaisa, ta sha ruwa, idonta ya kai kan zanen. Ta ce, "Baba, ina shanunmu?"

Ya ce, "Ba su zo ba, Auta. Ba kuwa za su zo ba."

Ta sauko da kwamfutar, ta kai baranda, ta roƙe shi ya nuna mata yadda yake yi, ko sau ɗaya. Don kada ya ɓata mata rai ya fito da hannun daga aljihu. Ya buɗe murfi, ya danna maɓallin wuta, ya jira, ya danna akwatin sama. Ga fili, ga ɗan manomi, ga mudu wayam.

Afiniki ta rufe baki da hannu. "Baba, kullum wannan kake dannawa?"

Ya nuna bango da haɓa. "Shi kika rubuta. Na taɓa tsallake abin da kika rubuta?"

Ta dubi takardar, ga rubutunta, rana ta ɗan cinye tawadar. Ta durƙusa a gefen kujerarsa. "Laifina ne, Baba. Wannan na fara sabuwar gona ne. Na ƙasa ne na ci gaba. Ban faɗa maka ba. Ka gafarta mini."

Can ya ce, "Tashi, ba ki yi da gangan ba. Amma wata huɗu sun tafi a banza ke nan."

Ta share ido da gefen gyale, ta jawo kwamfutar gabanta, ta shiga wani wuri da bai taɓa gani ba. Ta ce, "Wasan nan yana da rumbu a ciki. Duk lokacin da ka rufe murfi, kafin ya yi barci sai ya rubuta 'yar takarda ya ajiye: kwanan wata, da inda kowane mudu ya tsaya, da matakin da aka kai, da sara nawa ya faɗa daidai, nawa ya kauce, har da inda kowace kunya take. Ba ya zubar da komai sai an ce ya zubar. Bari mu ga ko yana nan."

Sai allon ya cika da layuka, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, kowane da ɗan hoton gona a gefensa. Ta ja ƙasa, ta ja ƙasa, ba su ƙare ba. Ta ƙirga. Ɗari da huɗu.

"Mama! Zo ki gani. Mijinki ya fi kowa gonaki a ƙasar nan."

Keziya ta zo da tiren kuɓewar da take yankawa, da wuƙa a hannu. Ta ce, "Me ya sa akwai giɓi nan da nan?"

Afiniki ta duba kwanakin. "Ranakun Lahadi ne."

"Ashe shi ma ɗan farantin mai bi ne."

Afiniki ta koma layin farko ta karanta a hankali. "Ranar farko: sara talatin da ɗaya daidai, hamsin da takwas sun kauce. Mataki na ɗaya." Ta buɗe hoton. Kunya uku ne, a karkace kamar sawun maciji a yashi.

Keziya ta leƙa ta ce, "Kai! Da haka ka yi huɗa ran da ka zo noman surukai, da Babana ya kore ka da sanda."

Habila ya so ya ɗaure fuska, bakinsa ya ƙi.

Afiniki ta sauko ƙasa cikin layukan. "Rana ta talatin: sara ɗari da arba'in daidai, arba'in sun kauce. Mataki na uku. Rana ta sittin: ɗari uku da goma. Mataki na biyar." Ta tsallaka zuwa layin ƙarshe. "Ranar da ka naɗe ta a zane, ba ka yi komai ba. Amma kwana ɗaya kafin nan: sara ɗari shida da goma sha biyu daidai, tara kacal suka kauce. Mataki na takwas. Lokacin kuwa bai canja ba, daga koko ne zuwa inuwar mangwaro."

Ta juyo ta dube shi. "Baba, ɗan manomin nan kowace safiya sabo ne, bai san komai ba, kai ka faɗa. To daga talatin da ɗaya zuwa ɗari shida, wa ya koya?"

Ya dubi hannunsa da ke kan tebur. Ya juya shi, ya ga tafin. Ya ɗaga manuniya, ta ɗagu. Ya ɗaga ta tsakiya, ta ɗagu. Ya haɗa babban yatsa da su ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramin yatsa ne kaɗai ya ƙi.

Can ya ce, "Ba za a iya tara gonakin nan wuri ɗaya ba, a ba ni shanuna?"

"Ba a iyawa, Baba. Kowace tana wurinta. Amma kana iya komawa ta ƙarshe da ka noma, ka ɗora daga nan." Ta zaɓi wannan gonar, ta mayar da shi farkon wasan. "Danna na ƙasa."

Ya tura linzamin da kansa, ya danna.

Sai ga gona. Kunyoyi a jere, madaidaita, daga wannan gefe har wancan. A lissafin wasan gari ya waye ke nan, don haka a kan kowace kunya ga 'yan ganyaye biyu biyu, kore shar, sun fasa ƙasa. Fiye da sau ɗari mutumin nan yana shuka masara a cikin allon nan, bai taɓa ganin ta tsira ba sai ranar.

Ya matso da fuskarsa kusa. Ya daɗe a haka. Keziya ta ajiye wuƙar, ta ce kuɓewar nan tana sa ido ruwa, ko da yake kowa ya san kuɓewa ba albasa ba ce.

Da yamma ta yi, ta tuƙa tuwon masara, ta zuba nasa a ƙaramin kwano, ta ɗora cokali za ta kai ɗaki. Sai ya ce, "Kawo nan baranda. A babban kwano. Ki kawo ruwan wanke hannu."

Ta ce, "Maigida, shanu fa ba su iso ba. Ni ce shaida."

"Suna hanya. Kawo tuwon."

Suka zauna su uku, ya yi addu'a. Ya miƙa hannun dama yana rawa, ya yanki loma, ya mulmula ta a hankali, ya dangwali miya. Miyar ɗanyar kuɓewa ce, ta biyo lomar da doguwar igiya, rabinta ya sauka a gaban rigarsa. Amma lomar ta kai baki.

Keziya ta dubi rigar, ta dubi mijinta, ta sa nata hannun a kwanon, ta ce, "Dama rigar ta isa wanki."

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ita ce wannan.

Habila shi ne kowane ɗayanmu da yake ƙoƙarin bin Ubangiji, amma kullum yana ganin kamar wuri ɗaya yake. Akwai 'yar'uwa a cikinmu da ta yi alkawari ba za ta ƙara yi wa 'ya'yanta baƙar magana ba, ta riƙe bakinta kwana huɗu, a na biyar ta fashe. Akwai ɗan'uwa da ya bar giya wata uku, aka yi biki ya koma. Akwai wanda shekara da shekaru yana koyon yafe wa mutum ɗaya, duk ran da ya gan shi a kasuwa zuciyarsa ta sake tafasa. In gari ya waye, sai su duba su ga fili fetal da mudu wayam, su ce, "Ga ni a inda na fara." Daga nan sai murya ta zo ta ce a naɗe komai a zane a ɗora kan akwati. Wannan murya ba ta Ubangiji ba ce.

Filin da Habila yake gani kowace safiya gaskiya ne, amma ba shi ne dukan gaskiya ba. Akwai rumbu da bai san da shi ba. Mutane ne suka ƙera wasan nan, duk da haka sun yi tunanin su sa shi ya riƙa ajiye kowane sara, har da waɗanda suka kauce. Balle wanda ya ƙera mu. Kwana huɗun nan da kika riƙe bakinki ba su ɓace ba don kin faɗi a na biyar. Wata ukun nan ba a share su ba. Ubangiji ya gani, bai kuwa manta ba. Ke ce kike duban safiyar yau kaɗai. Shi yana duban layin tun daga farko, ya san shekara biyu da suka wuce ko yini ɗaya ba ki iyawa.

Ku lura kuma da inda ƙaruwar ta taru. Habila shanu yake jira, don haka bai dubi hannunsa ba. Mu ma mukan sa wa Allah alama, mu ce sai ran da abu kaza ya faru za mu san ya ji mu. Alhali kuwa tun tuni yana aiki a wurin da ba mu duba ba, yana buɗe yatsun da suka lanƙwashe ɗaya bayan ɗaya. Ba gonar cikin allo ce Afiniki ta damu da ita ba. Hannun mahaifinta take so.

A nan sai in yi gargaɗi, don kowane misali yana da iyaka. Kada wani ya tashi daga nan ya ce ceto mudu ne da ake cikawa da ƙwaya. Ba haka ba ne. Afiniki ba ta jira mahaifinta ya kai mataki na goma sha biyu kafin ta ƙaunace shi ba. Don tana ƙaunarsa ne ta ɗauko kwamfuta tun daga birni, lokacin da ko ƙwallon roba ya ƙi matsawa. Haka Mai Cetonmu ya karɓe mu tun hannunmu yana kwance. Wani bambancin kuma: wasan yana rubuta kuskure yana ajiyewa don bai san gafara ba. Ubangiji kuwa, in mun tuba, laifin yake sharewa, ya bar mana abin da muka koya a cikin faɗuwar.

Akwatin nan na ƙasa, na ci gaba, shi ne alheri. Yana nan tun rana ta biyu, tazarar yatsa ɗaya daga inda Habila yake dannawa. Wanda ya faɗi ba sai ya koma baƙo a gidan Ubansa ba. Ba sai ya zauna a bencin baya wata shida yana jira ya cancanta ba. Ya tuba, ya tashi, ya ɗora daga inda ya tsaya.

Akwai kuma magana a kan takardar bango, wannan tamu ce, mu masu koyarwa da iyaye. Mun iya nuna wa mutum yadda zai fara: ya ɗaga hannu, ya fito gaba, a yi masa baftisma, mu yi waƙa. Sa'an nan mu ji odar mota mu fita da gudu, ba mu faɗa masa abin da zai yi ran da ya yi tuntuɓe ba. Shi kuwa da aminci yana bin abin da muka liƙa masa, yana farawa yana sake farawa, kunya ta hana shi faɗa. In mun tambaya ya ce yana hawa yana sauka, sai mu yi dariya. Kada mu yi dariya. Mu je mu zauna kusa da shi, mu ce ya nuna mana yadda yake yi.

Saboda haka ga aikin da nake roƙon kowa ya yi a makon nan. Ka tuna da mutum ɗaya wanda ka sani tun da daɗewa, wanda ya gaji da kansa. Ka je gidansa. Kada ka yi masa wa'azi. Ka karanta masa layukansa kawai: yadda yake a da, da abin da ka gani da idonka ya canja. Shi ba ya iya gani, don kullum yana tare da kansa. Kai ne aka ba ikon buɗe masa rumbun.

In kuwa kai ne wanda hannunsa yake cikin aljihu yau, fito da shi. Ƙaramin yatsan Habila bai taɓa miƙewa ba har ƙarshen ransa, tuwo kuwa ya ci da sauran huɗun, a baranda, a kwano ɗaya da matarsa. Kai ma miƙa naka, ko yana rawa. In miya ta zuba, akwai mai wanke rigar.